Mai Shayarwa da Murar Hunturu: Wa Ya Ce a Janye Yaro Daga Nono?

Ina so in tattauna wani hukunci da ake yankewa a tsakar gidajenmu duk shekara idan hunturu ya kama, ba alƙali, ba shaidu, ba kuma damar ɗaukaka ƙara. Mace mai goyo za ta wayi gari da mura, hanci ya toshe, kai yana sarawa, jiki ya ɗau zafi. Kafin hantsi ya dubi ludayi, wata babba a gidan, ko uwar miji ko gwaggo ko ungozoma, ta riga ta yanke cewa a janye yaro daga nono har uwar ta warware, wai nonon mai zazzaɓi ya ɓaci, kada ya tsotsi cuta. Sai a dama masa koko, ko a jiƙa masa madara da ruwan randa. Niyyar masu wannan hukunci kyakkyawa ce, babu mai musun haka. Amma hukuncin kuskure ne a wajen likitoci, ba shi da madogara a wajen malaman fiƙihu, kuma a ƙasa irin ta Birnin Gwari yana iya zama sanadin rasa rai.

Da gangan na ambaci Birnin Gwari. Ƙaramar hukuma ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, da mazaɓu 11, ga dazukan Kamuku da Kuyambana sun miƙe da ita har iyakokin Neja da Zamfara. Daga garin zuwa Kaduna tafiyar fiye da kilomita 100 ce, ta Udawa da Buruku, hanyar da aka yi shekaru matafiyi ba ya hawanta sai da zullumi, wani lokaci sai da rakiyar jami'an tsaro. Mutanen yankin ba su manta da harin Gwaska na watan Mayun 2018 ba, inda aka kashe gomman mutane a yini guda. Ba su kuma manta da ƙarshen shekarar 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha, a ƙoƙarinta na toshe wa 'yan bindiga hanya, ta sa aka katse layukan waya, aka hana hawa babura, aka rufe wasu kasuwannin mako. Mai karatu ya ƙaddara uwa a wani ƙauye na Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa a wancan lokaci, jaririnta ya kama gudawa da tsakar dare: ba waya, ba babur, ba hanya. A watan Nuwamban 2024 aka ƙulla sulhu, Gwamna Uba Sani ya je garin, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, matafiya kuma suka fara samun sa'ida. Mun gode wa Allah. Sai dai asibitin ƙauyen da ma'aikatansa suka gudu ba ya dawowa hayyacinsa a rana ɗaya, haka rijiyar da aka bari ta rufta. Har yau, ga jarirai masu yawa a wannan ƙasa, babu wurin jinya mafi kusa da ya wuce ƙirjin uwa.

To, mece ce gaskiyar lamarin nonon mai mura? Mura cuta ce da ƙwayoyin bairos ke haddasawa, kuma hanyarta ita ce numfashi da atishawa da tari da hannun da ya taɓa majina. Ba ta bin ruwan nono. Bayan haka, mai mura kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ita kanta ta ji alamarta, wato kafin gwaggo ta yanke hukunci jariri ya riga ya shaƙi abin da ake gudar masa. Abin da ya rage masa shi ne kariya, kariyar kuwa tana cikin nonon da ake son hana shi. Idan cuta ta shiga jikin uwa, garkuwar jikinta takan ƙera sinadaran yaƙi da wannan cuta takamaimai, wasu daga cikinsu su gangara cikin nono, su shafe maƙogwaro da hanjin jariri. Ke nan ita ce ta kamu, ita ce kuma ke haɗa masa maganin. Wannan ne ya sa sau da yawa za ka ga mura ta zagaye gida kaf, ta kayar da manya, amma ɗan jinjiri ya tsira ko ya yi ta sama-sama. Ko a shekarar 2020, da duniya ta ruɗe da annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a raba uwa da jariri ba. Cewa ta yi ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki da takunkumi, ta ci gaba da shayarwa.

Yanzu a dubi abin da ake musanya nonon da shi. Koko ba ya ɗauke da abin da jariri ɗan wata uku yake buƙata. Madarar gwangwani kuwa, ko da an iya sayenta, sai da tafasasshen ruwa da tsaftataccen mazubi da ma'auni daidai, kuma kowa ya san yadda ake yi mata idan kuɗi sun yi ƙaranci: a ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen mako. Bulumboti a gidan da ake ɗebo ruwa daga rafi ko buɗaɗɗiyar rijiya ƙofar gudawa ce a buɗe. Nazarin da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa yaɗuwar shayarwa yadda ya kamata za ta iya tserar da yara fiye da 800,000 daga mutuwa a duk shekara a duniya, ta kuma kawar da kusan rabin gudawar yara da kusan kashi ɗaya cikin uku na cututtukan numfashi. A nan gida kuwa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Nono tsotso ne ke kawo shi. Idan aka janye yaro kwana huɗu ko biyar, mama zai kumbura ya yi tsami, wataƙila ya kai ga ciwon nono, ruwan kuma ya ja baya. Uwa ta warke daga mura ta tarar nono ya ƙafe, sai a ce ai da ma ba ta da wadataccen nono. Daga nan ake fara tafiyar da ke ƙarewa a layin karɓar abincin masu tamowa.

Wani ɗalibi zai iya cewa: ai ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana a gwama marasa lafiyar raƙuma da masu lafiya, me zai hana a yi ƙiyasi a raba uwa marar lafiya da ɗanta? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin dalilin hanin. An hana gwamawa ne domin a kauce wa cutarwa, kuma raƙumi mai lafiya ba ya rasa komai idan aka nisanta shi da marar lafiya. Jariri kuwa abincinsa da abin shansa da maganinsa yake rasawa gaba ɗaya. Ƙa'idar malamai sananniya ce, cewa ba a kawar da cuta da wadda ta fi ta girma. Abin da hadisin yake koya wa mai shayarwa shi ne ta toshe hanyar da murar take bi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufa idan zai yi atishawa. Ta yi haka, ta kawar da kai daga fuskar yaro, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi, ta yi haƙuri da sumbatarsa na 'yan kwanaki, ta ja gefen mayafi ta rufe hanci yayin ba shi nono.

Akwai wani hadisi da nake ganin ya fi kowane dacewa da wannan mas'ala, ko da yake ba a cika jin sa a wa'azin mata ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito daga Judama 'yar Wahbu cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana abin da Larabawa ke kira gila, wato kusantar mace mai shayarwa, ko a wata fassarar shayar da yaro alhali uwar tana da ciki, abin da mu muke kira kwanika. Larabawa sun yi imani cewa hakan yana ɓata nono. Sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa hanin. A lura da kyau. Magana ce ta zargin ɓacin nono, irin wadda muke yi a yau, kuma abin da ya warware ta shi ne duban abin da ya tabbata a aikace a wajen wasu al'ummai, waɗanda ma ba Musulmi ba ne. Wanda ya ce shi ba zai saurari likita a kan nono ba saboda haka ya tarar kakanni suna yi, to ya sani ba hanyar da hadisin nan ya nuna ya bi ba. Haka batun zubar da dakashi, da gwajin da ake yi wa nono da tururuwa don a ga ko yana da dafi. Dakashin nan da ake ƙyama shi ne mafi yawan sinadaran kariya a duk nonon da uwa za ta fitar.

Kada a fahimce ni cewa ina ɗora wa marar lafiya ƙarin kaya. Mace mai zazzaɓi, ga yaro yana tsotso dare da rana, tana cikin wahala ta gaske, kuma Suratu Luƙman a aya ta 14 ta riga ta siffanta raunin da uwa ke ciki tun daga ɗaukar ciki har yaye. Abin da nake cewa shi ne an sauke mata kayan da bai kamata ba, an bar mata waɗanda Shari'a ta sauke. A gidaje da yawa, matar da aka hana ba da nono saboda mura ita ce dai za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta hura wuta da ɗanyen itace hayaƙi yana ƙara mata tari, ta yi alwala da ruwan sanyi da asuba, ta kuma ɗauki azumi.

Batun azumin nan yana ƙara matsowa, domin Ramadan na 1447 ya kama a watan Fabrairun 2026, kuma da yake yana ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara, shekaru masu zuwa a tsakiyar hunturu za a riƙa yin sa, lokacin mura da tari. Marar lafiya an yi masa rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185: ya sha, ya rama daga baya. Mai shayarwa kuma tana da nata rangwamen a hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi da ma'abota Sunan suka ruwaito. A mazhabar Malikiyya, wadda ɗalibanmu ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaid, mai shayarwar da ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta kuma sami wadda za ta shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, za ta sha azumi, ta rama, ta ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana. Hanafiyya sun ce ramuwa kawai. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar cewa ciyarwa ta isar mata. Wanda ya kamata a fahimta a nan shi ne, idan ita kanta ce ba ta da lafiya har azumi zai ƙara mata ciwo ko ya jinkirta warakarta, to hukuncin marar lafiya ne ya hau kanta, ramuwa ce kawai ba ciyarwa. Zazzaɓi yana ƙone ruwan jiki, shayarwa tana ɗibar wani, nono kuwa kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne. Matar da ta haɗa zazzaɓi da shayarwa da ƙishirwar yini guda, don kawai kada kishiya ko dangin miji su ce ta cika raki, ba taƙawa ta ƙara ba.

Haka tsarki da salla. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta halatta taimama ga marar lafiya, kuma Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (SAW) bai zarge shi ba. Idan akwai halin ɗumama ruwa, a ɗumama mata, wannan shi ne farko. Idan taɓa ruwan zai ƙara mata ciwo, ƙasa tana nan. Idan jiri ya hana ta tsayuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba ta damar salla a zaune. Har tufafinta ma malaman Malikiyya ba su manta da su ba: a Mukhtasar na Shaihu Khalil an yi afuwa ga abin da ke samun tufar mai shayarwa na fitsari da kashin yaro matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta keɓe wata tufar domin salla. Malaman da suka zauna suka yi tunanin zanen mai goyo, da a ce zazzaɓinta yana haramta nononta, da ba su yi shiru a kai ba.

Sai maigida. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda kowa ke ambata don ya tunatar da mata shekara biyun shayarwa, ita ce dai ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma sa yaye ya zama da yardar su biyun bayan shawara. Abin mamaki, rabin farko na ayar ya fi rabin ƙarshe farin jini a bakin maza. Janye yaro daga nono na kwanaki, wanda sau da yawa yake zama yaye na dindindin, ba abu ne da uwar miji za ta yanke ita kaɗai ba, komai girmanta, kuma ɗa yana iya faɗa wa mahaifiyarsa haka cikin ladabi: “Inna, a bar mata shi ta ba shi, mu kuma mu ɗauke mata sauran aikin.” Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci na kimanin kalori 500 a kullum ko da lafiyarta ƙalau. A ƙasar da ake noma masara da dawa da wake da waken suya, ba abin a je kanti ba ne: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, zogale, romo mai zafi, da ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi. Shayi mai citta da kanumfari da lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ta sha abinta. Zumar dai tata ce, kada a lasa wa yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba. Idan za ta yi sirace, a miƙa yaron ga wani tukuna. Man zafi kada ya kusanci kan nono ko hancin jariri. Kaskon garwashi kuma a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga saboda sanyi ya sha kashe mutane cikin barci.

Inda haɗarin gaske yake ga nono shi ne kemis. A garin da likita ya yi nisa, mai kemis shi ne likita, kuma a cikinsu akwai masu sani da amana, akwai kuma waɗanda abin da suka iya shi ne haɗa ƙwayoyi kala biyar a ƙulla a leda. Parasitamol da ibufurofen, a bisa ƙa'idar shansu, ba su hana shayarwa. Amma yawancin magungunan mura na haɗe-haɗe suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci mai suna sudo'efedirin, wanda wani gwaji ya nuna shan sa sau ɗaya yana rage ruwan nono da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masu sa barci daga cikinsu suna iya sa jariri kasala ya kasa tsotso. Asfirin, wanda ke cikin wasu garin maganin ciwon kai na ƙunshi, an fi so mai shayarwa ta kauce masa. Mafi muni su ne kodin da tiramol. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha su, saboda suna bin nono su danne numfashin jariri. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma wanda ya san yankunan da ake haƙar zinariya da bakin daji ya san hani a takarda bai kwashe su daga kasuwa ba. Maganin kashe bakteriya kuwa ba ya yi wa mura komai, asarar kuɗi ce kawai, wasu kamar kuloramfenikol ma ba su dace da mai shayarwa ba. Kalma ɗaya ce ke raba wannan duka: duk wanda zai ba ta magani, ta ce masa tana shayarwa, ta faɗi watannin yaron. Mai sayarwa kuma ya tuna da hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Wannan ya haɗa da mai sassaƙe da jiƙo, wanda shi kansa bai san ma'aunin abin da ke cikin kwalbarsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da murar kanta, wato cutar da ake kira mura alhali ba ita ba ce. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, kuma aka ƙiyasta cewa a yankin Zariya abin yana samun kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Sun danganta shi da al'adun jego: kunun kanwa mai yawan gishirin da ke sa jiki ya riƙe ruwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, duk don gudun “sanyi”. Binciken baya-bayan nan a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ya karkata ga wasu dalilan, kamar talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Ko wanne ne dalilin, cutar tana nan a ƙasar Hausa, kuma da tari take sallama. Mai jego ta fara tari, musamman da dare. Numfashi ya riƙa yi mata wuya idan ta kwanta sai ta jingina da bango. Ƙafafu su kumbura, ɗan aiki kaɗan ya sa ta haki. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu. Wannan matar ba shayi take buƙata ba, babban asibitin Jibril Mai Gwari take buƙata a ranar, ko a wuce da ita Kaduna. Haka mai jegon da ta yi zazzaɓi mai zafi tare da ciwon mara ko jini mai wari a cikin kwana arba'in, da wadda kanta ke sarawa idonta yana ganin dishi-dishi, da wadda tarinta ya wuce mako biyu tana zufar dare tana rama. Zazzaɓi kuma, a ƙasar sauro, ba a yanke masa hukuncin mura sai an ɗiga jini an gwada.

Ko a waɗannan manyan cututtuka, akasari shayarwa ba ta tsayawa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bin nono. Mai tarin fuka tana shan magani tana shayarwa, a ba jaririn nasa maganin kariya. Mai ciwon nono an fi so ta ci gaba da ba shi, domin zuƙe shi yana cikin maganinsa. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ke kan magani, tsarin lafiya na Nijeriya ya ce ta shayar. Wuraren da ake dakatarwa ƙalilan ne, kamar zazzaɓin Lassa, da masu shan maganin ciwon daji, kuma ma'aikacin lafiya ne ke yanke su. Idan jiki ya yi nauyi har ba ta iya zama, a kwantar mata da yaron a gefenta ya sha, ko ta tatsa a kofi mai tsafta a ba shi da cokali, wanda hakan zai hana nonon ƙafewa. Wanda ma ya riga ya ja baya yana dawowa idan aka yawaita sa yaron a mama. Idan duk wannan ya faskara, Alƙur'ani ya buɗe ƙofar da muka kusa mantawa da ita, a ayar Baƙara ɗin nan da aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ: wata mace ta shayar. Manzon Allah (SAW) ya sha nonon Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya, ɗansa Ibrahim kuma a gidan Ummu Saif aka shayar da shi. Sharaɗi biyu ne a zamaninmu: a gwada lafiyar mai shayarwar, a kuma rubuta a ajiye, domin a Malikiyya ko tsotso ɗaya ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta.

Hukuma ma tana da nata kason. Ibnu Sa'ad ya kawo labarin Sayyidina Umar, da ya ji kukan jariri da dare ya bincika, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sauya dokar, ya mayar da kason tun daga haihuwa. Jihar Kaduna ta yi abin yabo a 2019 da ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata, sai dai matar Kakangi ko Tabanni ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Nata kason shi ne cibiyar lafiya ta mazaɓarta, daga cikin 255 ɗin da aka yi alkawarin ingantawa a faɗin jihar, ta kasance a buɗe, da ungozomar asibiti mai kwana a garin, da abin gwajin zazzaɓi da na awon jini. Sulhun da aka ƙulla, a nan ne talaka zai auna shi.

Limamai da malaman Islamiyyun matan aure kuwa, su ne ke da kunnen da ma'aikacin lafiya bai da shi. Uwar mijin da ba za ta saurari yarinya mai farin kaya ba, za ta saurari malam. Kafin azumi ya kama, a ware huɗuba ɗaya da darasi ɗaya a kan wannan, a kuma haɗa da alamomin da ke nuna jaririn ne ya kamu kuma abin ya wuce gida: ɗan ƙasa da wata biyu da jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yaron da ya ƙi karɓar nono, wanda haƙarƙarinsa ke lotsawa idan ya ja numfashi, wanda ke shiɗewa ko ya kasa farkawa sosai. A koya wa iyaye ƙirga numfashi da agogon waya na minti guda yaro yana kwance shiru: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa shekara. Wanda ya kai haka, a nemi abin hawa tun rana ba ta faɗi ba, uwar kuma ta ci gaba da ba shi nono a kan hanya.